Kek ɗin masara mai gishiri: me ya sa nawa ba ya tashi?

Maman_Ridwan (Aboabo):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin harkar gashi ku taimaka mini. Ina so in riƙa yin ƙananan kek ɗin masara ɗin nan na gwangwani ɗai-ɗai, wanda ake ce wa mafin, amma mai gishiri da albasa da ɗan barkono, ba mai suga ba. Yara za su riƙa tafiya da shi makaranta, ga kuma surukata da muke zaune tare, likita ya hana ta zaƙi. Ga abin da nake zubawa: garin tuwon zafi kofi 2, ƙwai 1, bota cokali 2, bekin hoda ƙaramin cokali 1, ruwa, gishiri, albasa. Ina bugawa da na'ura har ya yi sumul, in sa a obin da wuta kaɗan wajen minti 40. Yana fitowa a cure, ba ya tashi, idan ya huce kuma sai ya dinga marmashewa a hannu, ba ya haɗiyuwa sai da shayi. Garin ne ko wutar?

Hajiya_Mai_Burodi:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Duka biyun ne, har da na uku. Na farko, babu fulawa a cikin haɗinki. Garin masara ba shi da danƙon nan da ke cikin alkama, wanda ke riƙe iska idan kwaɓi ya fara kumbura. Bekin hodarki tana aikinta, amma iskar ficewa take yi don ba abin da zai tare ta. Na biyu, mai da ƙwai sun yi kaɗan ga gari kofi 2. Na uku wutar. Minti 40 a wuta kaɗan busarwa ce, ba gashi ba.

Gwada wannan, zai ba ki kamar guda 12: garin masara kofi 1, fulawa kofi 1, bekin hoda babban cokali 1, gishiri ƙaramin cokali 1 wanda bai cika ba, ƙwai 2, madara kofi 1, man gyada ko Frytol sulusin kofi. Busassun kayan a kwano ɗaya, masu ruwa a wani kwanon, sai ki juye masu ruwan a kan busassun ki juya da cokali. Ajiye na'urar nan gefe. Da zarar kin daina ganin farin gari ki tsaya, ko da da 'yan gudaji-gudaji. Obin ya riga ya yi zafi kafin ki sa, digiri 200, minti 15 zuwa 20.

Ummu_Salma_Tafo:
Hajiya ta gama magana. Ni ma haka nake yi, sai dai bota nake narkarwa maimakon mai.

Zulai_Asawase:
@Ummu_Salma_Tafo na bota ya fi ƙamshi, ban musa ba, amma idan yara za su kai shi makaranta mai ya fi. Na bota da ya huce sai ya ɗan sandare, na mai kuwa har washegari da laushinsa.

Abdul_Nika_Nika:
Salamu alaikum iyayenmu mata. Ni ba mai gashi ba ne, injin niƙa nake tsaro, amma maganar gari ta shafe ni. Garin tuwon zafi an surfe masararsa, an cire dusa da ɗan idon nan mai maiƙo, an jiƙa, an shanya, sannan aka niƙa shi luƙui. Abin da ya rage kusan sitaci ne zalla, shi ya sa tuwonsa ke yin santsi da fari. To wannan garin ba shi da ɗanɗanon masara sosai, kuma yana shan ruwa da yawa. Masu zuwa wurina don irin wannan kek ɗin, busasshiyar masara suke kawowa wadda ba a jiƙa ba. Sai in sassauta injin kaɗan, ya fito tsakanin gari da tsaki. Idan kika murza a yatsa za ki ji ɗan yashi-yashi, amma ba ya kai tsakin da ake yin kunu da shi. Ki gaya wa mai injin unguwarku haka, kuma ki ce ya fara wuce da 'yar busasshiyar masara ya share injin, don in ƙullun banku aka gama niƙawa, tsaminsa zai bi garinki.

Maman_Ridwan (Aboabo):
Na gode Hajiya, Allah ya ƙara girma. Malam Abdul, to in tankaɗe bayan an niƙa ko in bar shi haka?

Abdul_Nika_Nika:
Ki tankaɗe da rariya mai ɗan faɗin ido, Anti, don manyan ɓawon su fita. Kada ki sa rariyar laushi, za ta riƙe miki abin da kike nema.

Baba_Alhassan_Alabar:
Ni dai tambaya gare ni. Ga masa, ga ƙosai, ga aboloo na mutanen Volta da ake turarawa a ganye ana ci da ƙananan kifi. Duk masara da gero da wake ne a hannunmu tun kaka da kakanni. Me ya kai mu neman kek ɗin Turawa da sai an sayi fulawa da madara da ƙwai a wannan tsadar? Uwata Allah ya ji ƙanta da tandar ƙasa ɗaya ta rene mu, ba ta san obin ba.

Zulai_Asawase:
Allah ya ji ƙan Mma. Baba, ba wanda ya raina masa. Amma masa tana son jiƙo tun jiya, niƙa, a bar ƙullu ya tashi, sannan a zauna gaban tanda ana juyawa ɗaya bayan ɗaya. Mace mai fita kasuwar Kejetia tun asuba ba ta da wannan lokacin a ranar makaranta. Wannan kuwa cikin rabin awa an kwaɓa an gasa, kuma ba ya jiƙe da mai a jakar yaro.

Fati_Bronx:
Gaisuwa daga Amurka, 'yar Sawaba ce ni. Baba, asalin abin ma ba na Ingila ba ne. Masara abincin 'yan asalin nahiyar Amurka ne, daga wurinsu sauran suka koya, kuma har yau a kudancin ƙasar burodin masara abincin gida ne na kowa, musamman baƙaƙen fata. Can kudun da yawansu ba sa sa suga ko kaɗan, ko kuma ɗan kaɗan, suna ci da wake da ganye. Na arewa ne ya fi zaƙi, ya fi kama da kek. Don haka abin da Maman Ridwan ke nema yana da asali. Abu ɗaya da na koya a nan: suna zuba mai a kaskon ƙarfe su sa shi a obin ya yi zafi ƙwarai kafin su zuba kwaɓin. Yana taɓa ƙarfen za ki ji cuu, gindin ya yi ɓawo mai ƙaras-ƙaras. A gwangwanin mafin ma yana yi, in dai ba ki sa takarda ba.

Baba_Alhassan_Alabar:
To madalla. In da wake ake ci, na yarda abinci ne. Amma masa tana nan a matsayinta.

Nas_Rukayya:
Ina so in koma kan maganar surukar Maman Ridwan, don na ga an wuce ta. Anti, cire suga abu ne mai kyau, amma kada ki ɗauka shi ke nan mai ciwon suga zai ci yadda ya so. Garin masara da fulawa duk sitaci ne, jiki suga yake mai da su. Guda ɗaya tare da ƙwai ko wake ko miyar ganye ya fi guda uku da shayi mai madara. Garin da Malam Abdul ya kwatanta, wanda ba a surfe ba, ya fi mata garin tuwon zafi saboda dusar da ke ciki. Gishirin ma a kula, yawancin tsofaffinmu masu suga suna da hawan jini. In tana da na'urar gwaji a gida, a gwada ta awa 2 bayan ta ci, a nuna wa likitanta. Shi ya san ma'auninta.

Maman_Ridwan (Aboabo):
Allah ya saka da alheri Nas. Tana da hawan jinin kuwa. Zan ware nata in rage gishiri.

Sadiya_Nima:
Daga Accra nake bin ku. Ban yarda da rabi da rabin Hajiya ba gaba ɗaya, a yi mini afuwa. Idan fulawa ta kai kofi guda, ni a bakina burodi nake ji, masarar ta ɓace. Nawa masara kofi ɗaya da rabi ne, fulawa rabin kofi. Sirrin shi ne nono. Ina jiƙa garin masarar a cikin nono mai tsami kofi ɗaya da kwata, in rufe in bar shi minti 20 zuwa 30 kafin in haɗa sauran. Tsakin ya sha ruwa ya yi laushi, ba zai zo yana zuƙe ruwan kwaɓin a cikin obin ba, wanda shi ne ke kawo bushewar da Maman Ridwan ke kuka da ita. Amma in za ki sa nono, sai ki ƙara bekin soda rabin ƙaramin cokali, ki rage bekin hoda zuwa ƙaramin cokali 2. Sodar da tsamin nonon ne ke haɗuwa su tayar da shi.

Hajiya_Mai_Burodi:
@Sadiya_Nima ba laifi, naki ya fi ɗanɗanon masara, gaskiya ne. Amma mai koyo nake bai wa ma'auni. Naki in hannu bai saba ba yana fashewa wajen cirewa daga gwangwani. Ta fara da rabi da rabi, in ta ga ya tsaya da ƙafarsa sai ta riƙa rage fulawa kaɗan-kaɗan har ta kai inda bakinta ke so. Jiƙon kuwa na karɓa hannu biyu.

Rabi_Yalwa:
In babu bekin soda ba za a iya sa kanwa ba? Ai ita ma tana kashe tsami.

Sadiya_Nima:
Kada ki fara, 'yar uwa. Kanwa ba ta da ma'auni ɗaya, wata ta fi wata ƙarfi, ga ƙasa a ciki. In ta yi yawa kaɗan kek ɗin zai rine ya yi ɗaci-ɗaci, ya lalata miki ƙwai da madara a banza. In babu soda ki bar nonon, ki yi da madara da bekin hoda yadda Hajiya ta faɗa.

Mma_Adiza:
A zamaninmu da ruwan kanwa muke gyara ƙullun da ya yi tsami, kuma ba wanda ya ƙi ci. Sai dai hannu ne, ba cokali ba. Wanda bai taso yana gani ba gara ya bi maganar Sadiya.

Ibrahim_Ejura:
Ina noman masara a Ejura, ina kuma kai wa Techiman da Kumasi. Tunda ana maganar niƙa masarar da ba a surfe ba, dole in yi gargaɗi. Masarar babbar damina da muke girbewa wajen Agusta da Satumba tana shigowa ne ana tsaka da ruwa, shanya tana wahala. In ba ta bushe sosai ba aka ɗura a buhu sai ta yi fumfuna, kuma wannan fumfunar tana haifar da gubar da ake kira aflatoksin, mai lahanta hanta. Zafin obin ba ya kashe ta. Surfe da wanki suna rage ta, to ku da za ku niƙa da ɓawonta ku ne ya kamata ku fi kowa zaɓe. Idan za ki sayi olonka, wato gwangwanin awo, ki tura hannu can cikin buhun ki ɗebo, ba na sama da aka gyara ba. Ki shinshina. Ki ciji ƙwaya ɗaya, busasshiya za ta fashe da ƙara, mai danshi za ta lotse. A gida ki baza a faranti ki tsince masu baƙi, masu kore-kore da waɗanda ƙwaro ya huda. Ta ƙaramar damina da ake girbewa wajen Disamba da Janairu ta fi bushewa don hunturu ya taimaka mata.

Nas_Rukayya:
Wannan magana ta Malam Ibrahim a riƙe ta da kyau, musamman tunda yara ne za su ci.

Ummu_Salma_Tafo:
Malam Ibrahim, ni a hotuna nake ganin nasu rawaya shar, namu kuwa fari fat. Ana samun jar masara a nan?

Ibrahim_Ejura:
Ana samu Hajiya, sai dai yawancinta masu kiwon kaji ke kwashewa, mu mutanen Ghana fara muka fi ci a banku da dokunu da tuwo. In za ki saya ki tabbatar mai tsabta ce ta ci, ba wadda aka ware don abincin kaji ba. Amma fara ba ta da aibu. Akwai Obatanpa, wadda cibiyar binciken amfanin gona ta Fumesua nan kusa da Kumasi ta fitar a 1992. Fara ce, kuma sinadarin gina jikinta ya fi na masarar gargajiya inganci, shi ya sa aka yi ta yaɗa ta don kunun yara. Launi kawai za ki rasa.

Zulai_Asawase:
In launi ne, gwaiduwar ƙwai da ɗan gogaggen karas sun isa. Wasu na sa kurkum kaɗan a bakin cokali.

Kande_Moshie_Zongo:
Duk kuna maganar digiri 200, mu da ba mu da obin fa? Kuma ko masu na lantarki, in aka ɗauke wuta ana tsakiyar gashi ai an yi asara.

Mma_Adiza:
Kande ɗiyata, zo nan in gaya miki, da wannan na aurar da 'ya'ya. Ki samu babbar tukunyar dalma mai kauri da murfinta. Ki zuba yashi mai tsabta, wankakke busasshe, kaurin yatsu biyu a gindinta. Ki ɗora a kan gawayin da ya riga ya ruru ya daina hayaƙi, ki rufe, ki bar ta minti 15. Ki buɗe ki miƙa tafin hannu a ciki ba tare da kin taɓa komai ba. In kin iya ƙirga biyar a natse, ba ta yi ba. In zafin ya kore ki kafin nan, ta yi. Ki jera duwatsu uku ƙanana ko murfin tukunya a kan yashin, ki ɗora faranti, sannan gwangwanayen, kada su zauna a kan yashi kai tsaye, gindin zai ƙone cikin bai nuna ba. Sai ki rufe, ki kwashi garwashi ki zuba a kan murfin. Wannan na saman shi mutane ke mantawa, shi ya sa nasu ke fitowa fari a sama. Ƙasa wuta kaɗan, sama wuta da yawa. Kada ki buɗe sai ƙamshi ya fito tsakar gida, wajen minti 20. Ki soka tsinke a tsakiya, in ya fito a bushe kin gama.

Gwangwani kuwa, ƙananan kofunan silba na kasuwa sun fi. Da can da gwangwanin madarar Ideal muke yi, mu yanke bakin mu daddaƙe shi da dutse don kada ya yanki hannu, mu cire takardar mu wanke tas. Kowanne ki shafe shi da mai har gefe, ki cika kashi biyu cikin uku.

Kande_Moshie_Zongo:
Allah ya ja da rai Mma. A kan gas ma zai yi?

Mma_Adiza:
Zai yi, ki rage wutar bayan tukunya ta yi zafi. Sai dai saman ba zai yi ja sosai ba tunda babu garwashi.

Chef_Mubarak_Adum:
Bari in ƙara a kan abin da ake zubawa ciki, don a nan mai gishiri ke cin sunansa. Ɗanyar albasa tana sakin ruwa a cikin gashi, sai ka ga kewayenta ya yi caɓa-caɓa. A soya ta sama-sama da man da za a sa a kwaɓin, ta huce, a juye har man. Lawashi kuwa ɗanye ake sa shi. Barkonon kpakpo shito guda 2 an cire 'ya'yan an yanka ƙanana sun isa guda 12, ƙamshinsa ya fi zafinsa. Wagashi, cukwin Fulani, yana da kyau ƙwarai, amma a sani ba ya narkewa irin cukwin kanti, don haka a yanka shi ƙanana, a ɗan soya. Busasshen kifi amane da aka cire ƙaya aka marmasa, ko ragowar tsire da yajinsa, duk suna shiga. Ƙa'idata ita ce duk kayan haɗin kada su wuce kofi 1 a ma'aunin Hajiya, in sun wuce nauyinsu zai danne tashin. In akwai ɗanyar masara sabuwar karya, a yanko ƙwayoyin rabin kofi a zuba, tana ba shi danshi.

Rabi_Yalwa:
Na taɓa sa daddawa kaɗan da kifi, maigida ya ce ya fi kowanne. Yara dai sun ƙi.

Baba_Alhassan_Alabar:
Wannan na daddawa da kifin shi zan ci. A kawo mini Alabar bayan sallar Juma'a.

Nas_Rukayya:
Mai kifi ko nama kada ya kwana biyu a waje a zafin nan namu. In ba za a cinye a ranar ba a sa a firij, a ɗumama da safe.

Maman_Ridwan (Aboabo):
Salamu alaikum, na dawo da labari. Na kai masara inji an niƙa yadda Malam Abdul ya ce, na bi ma'aunin Hajiya, na jiƙa garin a madara kamar yadda Anti Sadiya ta ce, na soya albasa. Alhamdu lillahi laushi ya samu, ba ya marmashewa, yara sun cinye kafin ya huce. Amma har yanzu bai yi tozon nan a sama ba, a shafe yake fitowa. Obin ɗina na gas ne, lambobi ne a jiki daga 1 zuwa 8, a 4 na sa.

Hajiya_Mai_Burodi:
Masha Allah. Kai shi 6, shi ne daidai da digiri 200, 4 wajen 180 ne. Ki kunna minti 15 kafin ki sa, a layin tsakiya, kuma kada ki buɗe ƙofa a minti 12 na farko. Zafin farkon nan ne ke tura tsakiyar sama kafin gefe ya kama.

Sadiya_Nima:
Ni ina zargin bekin hodar. Yaushe kika buɗe gwangwanin? Danshin damina yana kashe ta, balle wadda ake ƙullawa a leda a kasuwa. Zuba rabin ƙaramin cokali a kofi, ki tsiyaya ruwan zafi. In ta taso da kumfa nan take tana da rai, in ta yi shiru ki zubar. Sannan wani abu: da kika jiƙa garin, da hodar a ciki kika jiƙa?

Maman_Ridwan (Aboabo):
E, duka busassun kayan na haɗa na jiƙa tare.

Sadiya_Nima:
To ga shi nan. Masarar kaɗai ake jiƙawa. Fulawa da hoda da gishiri sai obin ya yi zafi, ki zuba, ki juya, ki ɗura a gwangwani ba jira.

Chef_Mubarak_Adum:
Yawancin hodar gwangwani sau biyu take aiki, ɗaya in ta taɓa ruwa, ɗaya in ta ji zafi, don haka jiran minti 20 bai isa ya kwantar da shi gaba ɗaya ba. Ni na fi karkata ga wutar, kamar yadda Hajiya ta ce. Kuma kwaɓin in ya yi ruwa ba ya tozo. Ya zama sai kin turo shi da wani cokali yake sauka, ba ya zuba da kansa ba.

Sadiya_Nima:
Chef, ta gwangwani ka ce. Ba mu san wacce ta saya ba.

Maman_Ridwan (Aboabo):
Ta leda ce, a Kejetia na saya tun kafin azumi. Zan gwada ta da ruwan zafi yau da daddare, Asabar kuma in sake yi a lamba 6.

Hajiya_Mai_Burodi:
Ki canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, ɗiyata, in ba haka ba ba za ki san wanne ya gyara ba. Raba kwaɓin biyu in kina so, rabi da tsohuwar hoda, rabi da sabuwa, duka a lamba 6, ki sa wa na sabuwar ɗan lawashi a sama don ki gane su.

Kande_Moshie_Zongo:
Mma Adiza, na samo yashin amma na bakin kwata ne, in na wanke zai yi ko in nemi na masu gini?

Mma_Adiza:
Na masu gini, Kande. Ki wanke, ki shanya kwana guda, ki fara ƙona shi a tukunyar babu komai a ciki kafin ki sa abinci.